Masu Yanka wa Babur Gilashi a Kontagora

Kontagora gari ne na mahaɗa. Babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta ratso Ilori da Jebba da Mokwa, ta nan take bi kafin ta miƙe Yawuri har Sakkwato. Wata ta yi gabas zuwa Tegina, inda ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Zungeru da Minna, ɗaya ta nufi Birnin Gwari da Kaduna. Ta arewa kuma ita ce ta Rijau da Zuru. A tsakankanin waɗannan akwai hanyoyin burji da turbobin gona da ba su ƙidayuwa, masu kutsawa ƙauyukan Mariga da Magama da Mashegu, inda mota kan yi wuyar gani. Babur ke da waɗannan hanyoyi.

Shi ya sa in aka ce babur ɗin doguwar tafiya, a nan maganar neman abinci ake yi. Mai sayen masara da waken suya ne da ke bin kasuwannin ƙauye. Malamin firamare ne da aka tura makarantar hayin rafi, ko ma'aikacin lafiya da akwatin allurar rigakafi ɗaure a bayansa, ko dillali mai sammakon kasuwar shanu ta Mariga, ko ɗan kabu-kabun da aka ɗauka shata zuwa wani gari. Mutum ya yi awa uku ko huɗu bisa mashin a yini ba abin ba da labari ba ne. Duk kuwa wanda ya saba irin wannan zama ya san cewa bayan ramuka, babu abin da ke cin jiki kamar iska. In ka ninka gudunka sau biyu, bugun da take yi wa ƙirjinka sau huɗu yake ninkuwa. Mai tafiyar kilomita 40 a awa cikin gari bai san ana yi ba. Ya hau hanyar Yawuri ya kai 80, nan zai ji wuya da kafaɗu da damatsa suna ta kokawar riƙe shi a zaune. Da hunturu ga sanyin asuba mai ratsa ƙashi, ga ƙura. Da damina ga shinge bayan ruwan fari, ga ƙwarin magariba masu bin hasken fitila su faɗa wa mutum ido. Tirela da tanka kuma ba su da lokaci, duk sa'ad da suka wuce ka sai tayarsu ta harbo tsakuwa.

Maganin wannan shi ne abin da ake kira gilashin gaba, duk da cewa roba ce mai haske, don babu mai hankalin da zai kafa kwalba a gaban fuskarsa bisa babur. Kafa shi sana'a ce, sai dai ba kasafai za ka gan ta da shago nata na kanta ba. Ta rabu ne tsakanin hannuwa uku. Akwai mai kayan gyara, wanda ke rataye shiryayyun gilasai cikin leda a bakin shagonsa, kayan da suka biyo ta Legas ko Nnewi ko Kano, akasarinsu ƙirar Sin da Indiya. Akwai mai walda da ke lanƙwasa ƙarafan riƙewa. Sannan akwai na ukun, wanda shi nake nufi da wannan rubutu: makaniken da ya ƙware a kwalliyar babur, ko tsohon yaron masu rubutun allon talla da ya iya sarrafa roba, wanda ke auna mutum, ya yanka, ya lanƙwasa, ya kafa. Za ka same shi a rumfar kwano cikin jerin masu gyaran mashin, da zarton ƙarfe, da magagari, da samfefa, da ɗan injin huji, da tarin kwalaye a jingine a bango. Kwalayen nan su ne dukiyarsa, don kowane ɗaya zanen wani gilashi ne da ya taɓa yankawa, an rubuta masa Boxer ko Jincheng ko Haojue ko TVS da alli ko biro.

A ƙasashen da ake hawan babur don yawon buɗe ido, kamfani ne ke ɗaukar wannan nauyi tun daga masana'anta. A 1976 kamfanin BMW na Jamus ya fito da samfurin R100RS, wanda aka tsara rufin gabansa a ɗakin gwajin iska kafin a kai shi kasuwa. Honda Gold Wing, da ya fara fitowa tsirara a 1975, sai a 1980 aka soma sayar da shi da cikakken rufi da gilashi daga kamfani; na yanzu injinsa silinda shida ne, nauyinsa ya haura kilo 350, kuma da maɓalli ake ɗaga gilashinsa ko a sauke. Irin waɗannan kan ratsa garin nan jefi-jefi, matasan Abuja ko Legas a jere, sanye da baƙaƙen riguna masu kauri, yara na bin su da kallo. Amma abin da ke tsayawa a rumfar mai gilashi kullum shi ne Bajaj Boxer mai kilo ɗari da 'yan kai, wanda ya zo da ɗan marfin roba a saman fitila kawai, wanda ba ya tare wa mutum iska. Abin da injiniyoyi suka yi wa wancan da na'ura, shi mai rumfar nan ke yi wa wannan da ido da kwali.

Maganar farko tsakaninsa da mai saye ita ce wace roba. Iri biyu ne na ƙwarai. Ta farko akirilik, wadda 'yan kasuwa suka fi sani da Perspex, sunan da kamfanin ICI na Ingila ya raɗa mata a 1934. Jamusawa kuma sun fito da tasu da sunan Plexiglas a 1933. Da ita aka rufe kujerun matuƙa jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Tana da haske tas, rana ba ta saurin sa ta ja, kuma in ta yi ƙananan karce ana iya goge su, har da man goge baki ma akan rage wasu. Aibinta shi ne ba ta da haƙurin duka: dutse ya same ta da kyau, ko babur ya faɗi, sai ta tsage, wani lokaci ta dare gida-gida masu kaifi. Ta biyu polikabonet, wadda aka gano a 1953 a Jamus da Amurka kusan lokaci guda, ake sayarwa da sunan Makrolon da Lexan. Wannan kam ko da guduma ka bi ta sai ka yi da gaske; da ita ake yin garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma. Sai dai fatarta laushi gare ta, karce na kama ta da wuri in ba a shafe ta da wata kariya daga kamfani ba, kuma in kariyar ta ci, babu gyara. Ta fi tsada, ta kuma fi wuyar samu.

Akwai ta uku, wadda ba ta da suna a bakin kowa sai "mai sauƙin kuɗi". Siririya ce, tana sheƙi a cikin leda, amma rani ɗaya ya ishe ta ta yi ja ta bushe, ta soma tsagewa daga bakin noti. Araha ba ta ado. Mai sana'ar kirki yana da hanyoyin rarrabewa da ba ya ɓoye wa mai saye. Zai ƙwanƙwasa da farce: akirilik ƙara take yi siririya, polikabonet kuwa amonta a dushe yake. Zai juya gefen fallen ga rana: bakin akirilik fari ne garau, na ɗayar yana da ɗan duhu-duhu mai shuɗi. In akwai guntu, zai sa wuƙa ya fere: ɗaya ta ɓantare, ɗaya ta naɗo siririn zare. Ga wanda hanyarsa ta burji ce kuma yana bin bayan manyan motoci, a ganina polikabonet ta cancanci kuɗinta in an same ta. Wanda ya fi bin kwalta, yana kuma tafiyar dare inda hasken gani ya fi komai, akirilik mai kaurin milimita 4 ko 5 ta wadatar.

Amma duk wannan share fage ne. Inda ake gane gwani shi ne awo, kuma a nan ne ake yawan samun saɓani, don kusan kowa da dogon gilashi yake zuwa a ransa. "Oga, wanda zai rufe ni gaba ɗaya nake so," haka za ka ji ana cewa. Gwanin ba ya musu tukuna. Cewa zai yi, "To Malam, bismilla, hau mashin ɗinka." Sai ya sa yaro ya sauke babur daga jak ya riƙe shi ta baya, don tsayin babur a kan jak daban yake da tsayinsa in mutum ya zauna taya ta danne ƙasa. Mai babur ya hau, ya miƙe ƙirji kamar mai jiran hoto. "A'a, Malam, saki jikinka. Zauna yadda kake zama in ka wuce Tegina ka gaji." Mutum ya yi dariya ya ɗan rusuna, kafaɗu su sauko, tsayinsa ya ragu da yatsa biyu ko uku. Wannan zaman ake aunawa. Sai gwanin ya ɗauko kwali ya tsayar a saman fitila, ya kwantar da shi daidai da kwanciyar ƙarafa biyun nan da ke riƙe da tayar gaba, ya ɗauko sanda ko tsinken tsintsiya ya miƙa daga kan hancin mai babur zuwa kwalin, ya ja layi da alli.

Nan ne bakin gilashi zai tsaya: daidai kan hanci, ko tsakanin hanci da leɓe. Dalili kuwa, ta saman gilashi ake son mutum ya riƙa kallon hanya, ya hango ƙasa tun daga kamar taku ashirin a gabansa. Babur ba shi da abin share ruwa irin na mota. Ranar da hadari ya tsinke maka tsakanin Kontagora da Rijau, ko ƙurar tirela ta haɗu da raɓa ta zama taɓo a jikin robar, ko mota ta dallo maka fitila da dare hasken ya watsu cikin karce, in ta cikin gilashin kake kallo, to ka makance a lokacin da ka fi bukatar ido. Mafi muni shi ne wanda bakinsa ya tsaya daidai ƙwayar ido, ya raba hanya biyu, mutum ya yini yana leƙe sama da ƙasa. Gilashi mai tsayin hanci, in an kwantar da shi daidai, iskar da ya tare yakan cilla ta sama ta wuce ta goshi, don haka kariyarsa ta fi tsayinsa.

Akwai dalili na biyu da ya shafi irin baburanmu musamman. A manyan babura na yawon duniya, rufin gaba a jikin gangar babur yake ɗaure, kai na juyawa shi yana nan. A Boxer da 'yan uwansa kuwa a kan babur ake ɗaure gilashi, wato duk iskar da ta buge shi hannun matuƙi take ja. Ka kafa faffaɗan falle a kan mashin mara nauyi, tanka ta gifta ka a guje, ko guguwar farkon damina ta bugo ta gefe, za ka ji kan yana neman ƙwacewa. Ga injin ƙarami ne, yana fama da turin iska, yana ƙara shan mai. Saboda haka faɗin ma da iyaka: ya rufe ƙirji zuwa kusa da kafaɗu, kada ya taɓa madubi, kada ya tokare tanki ko ya danne wayar birki da ta kuloci in an karya kai har ƙarshe. Na fi ganin girman mai sana'ar da zai ce wa mutum "wannan ya yi maka yawa, Alhaji" alhali babban ya fi kawo masa kuɗi.

In an gama da kwali, sai a ɗora shi a kan falle. Fallen nan mai ƙafa 4 da 8 yake zuwa, irin wanda masu allon talla ke saye, manne da takarda gaba da baya, kuma ba a ɓare takardar sai an gama yanka da guga. A zana, a yanka da zarto mai ƙananan haƙora, a hankali, yaro na danne da tafin hannu kusa da bakin zarton don kada fallen ya yi rawa ya tsage. Sai magagari, sai samfefa mai kaushi, sai mai laushi da ruwa, har bakin ya yi sumul. Wannan gugar ba don kyau kaɗai ake yin ta ba. Duk wata 'yar tsaga da zarto ya bari a baki, daga nan babbar za ta taso, kuma baki mai kaifi a gaban maƙogwaron mutum haɗari ne ranar faɗuwa.

Lanƙwasa ita ce wurin da hannu ke nuna shekarunsa. Akirilik sai ta ji zafi sosai take saki, sama da na tafasar ruwa. Mai na'urar hura zafi ya huta in akwai wuta. Wanda ba shi da ita garwashi yake haɗawa a kurfoti, ya jira harshen wuta ya mutu, ya ɓare takardar, ya riƙe fallen da tsumma a hannu biyu yana shawagi da shi sama-sama, yana juyawa. In ya matsa kusa, ƙuraje za su fito a cikin robar, kuma ba su ɓacewa har abada. In ya yi gaggawa ya tanƙwara kafin ta nuna, sai ka ji ƙas. Da ya ji ta yi laushi a hannunsa, sai ya kwantar da ita a bayan duro da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, su danne shi da yaro har ta huce a kan wannan siffa. Polikabonet ba a cika kai ta wuta ba, don tana shan danshi, zafi na taɓa ta sai ta yi kumfa. Ita da sanyinta ake ɗan tanƙwara ta, ƙarafan riƙewa su tsare ta a haka.

Huji kuma nan ne gilasai da yawa ke samun ajalinsu tun ranar farko. Masu gaggawa ƙusa suke gasawa su soka, ramin ya fito da ƙonannen baki, bayan 'yan makonni tsaga ta fito daga nan. Gwani katako yake sawa a ƙasa, ya huda da inji sannu-sannu, nesa da baki, ramin kuma ya ɗan fi ƙarfen da zai shiga faɗi, saboda roba ta fi ƙarfe buɗewa in rana ta yi zafi, tana bukatar wurin motsi. Sai ya yanko 'yan ƙawanya daga tsohuwar robar cikin taya, ɗaya gaba ɗaya baya, don kada ƙarfe ya taɓa gilashi kai tsaye, ya ɗaure noti har ya kama, ya tsaya nan. Yaron da ya zage ƙarfi a kan sufana a wannan wuri zai sha faɗa. A ƙasa kuma, tsakanin fitila da gilashi, akan bar 'yar kafa ta yatsa ɗaya ko biyu. Masu saye kan ɗauka kuskure ne. Da gangan ne: iskar da ke shigowa ta nan ita ke hana wadda ta bi ta sama juyowa tana dukan kan mutum ta baya, abin da ke sa hular kwano rawa da kunne ƙugi.

Sai batun ado, wanda ba a raba Bakontagore da shi. Garin da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya kafa a 1864 gari ne na mahaya, kuma yadda ake yi wa doki kwalliyar hawan salla haka matasa ke yi wa mashin, da tunkuna da fitilu masu launi da rubuce-rubuce. Ban ga laifin wannan ba, sai a wuri ɗaya. Baƙin gilashi da sitika a tsakiyar falle suna ɓoye ramin da ke dab da tayar gaba, kuma da magariba, lokacin da shanu ke komowa gida suna tsallaka titi, wannan ɗan wurin shi ne komai. A yi rubutun a ƙasa, kusa da fitila. A bar sama fari. Haka nan gilashi ba ya maye gurbin hular kwano. Tun 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta, amma har yau za ka ƙirga mahaya da yawa a hanyar Mokwa kafin ka ga mai ita. Gilashi ƙwaro da iska yake tarewa, ba ya tare kwalta.

Sana'ar ta sha matsi a 'yan shekarun nan. A 2021, da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta, gwamnatin jihar Neja ta sa takunkumi a kan hawa da sayar da babura, hanyoyin ƙauye da dama kuma suka zama sai da dalili mai ƙarfi ake bin su. A 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000. Naira ta faɗi, kuɗin falle da na sabon babur suka yi sama tare. Mai babur yanzu sai ya cika tanki, ya sayi taya da baƙin mai, kafin ya tuna da gilashi. Abin da ya ƙaru shi ne gyara. In tsaga ta fara, gwanin kan huda ɗan ƙaramin rami daidai inda ta tsaya, sai ta kasa ci gaba. In saman dogon gilashi ne ya lalace, a yanke shi ya koma gajere. Amma wanda ya yi hazo gaba ɗaya, ko ya yi 'yan tsage-tsage sirara a ko'ina, ya gama aiki, kuma sau da yawa mai shi ne ya kashe shi da hannunsa: ya tashi da safe cikin hunturu ya sa busasshen tsumma ko hannun riga ya murje ƙura, alhali ƙurar nan yashi ce mai laushi, ko ya ɗiga fetur don cire mataccen ƙwaro, fetur kuwa cin robar yake. Ruwa ake fara kwarawa ƙurar ta gangara, sannan ɗan sabulu da tsumma mai laushi. Ƙwaron da ya bushe, a ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle na 'yan mintoci, zai saki da kansa.

Aiki bai ƙare ba don an ɗaure noti na ƙarshe. Gwani zai ce, "Malam, je ka ɗan taɓa hanya ka dawo, amma ka fita gari, ka ba shi wuta kaɗan." Zai kuma gaya masa abin da zai lura da shi: in ya samu wuri miƙaƙƙe babu kowa, ya ji inda iskar ke sauka. In a goshi ne ko saman hula, an dace. In tana dukan ido da kunne tana jijjiga kai, sai a sassauta ƙarafan a ƙara kwantar da gilashin baya kaɗan, ko a buɗa kafar ƙasa. In kuma mutum ya ga yana miƙa wuya don ya hango hanya, to tsayi ya yi yawa, sai a sauke shi a manna takarda a baki, a ja sabon layi, a rage faɗin yatsa ɗaya, a sake gogewa. Yatsa ɗaya kawai ake ragewa a kowane zuwa, ko da mai babur na gaggawa, don abin da zarto ya cire ba ya komawa. Wani sai ya je ya dawo sau biyu ko uku kafin ya ce ya yi, sannan a cika kuɗin aiki.